Kalmar twist ta Turanci: murɗawa ce kawai, ko da sauran magana?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masana Turanci. A makaranta an koya mana cewa twist na nufin murɗa, kamar a murɗa wa mutum hannu ko a murɗa marfin kwalba. To amma jaridun Turanci na Najeriya ba sa rabuwa da kanun labari mai "new twist", musamman in ana shari'ar zaɓe ko rikicin sarauta. Yara kuma in sun kalli fim sai ka ji suna cewa plot twist, sannan a shagon gyaran gashi akwai kitson da ake kira da wannan suna. Me ya haɗa su? Kalma ɗaya ce, ko kalmomi ne daban da suka yi kama? Daga ina ta samo asali? Kuma in za a faɗi "new twist" da Hausa, me za a ce?

ƊanFagge:
Wa alaikumus salam. Murɗawa ce Hajiya, babu wani abu a ciki. An murɗe labari, an murɗe gashi, an murɗe marfi. Bature ne da son yawaita zance.

Malam_Tukur_Zariya:
Wa alaikumus salam Malama. Kalma ɗaya ce, kuma tsohuwa ce ƙwarai. Sai dai asalinta ba murɗawa ba ne, ƙidaya ce: biyu. Ki dubi yadda ake rubuta two, da w ɗin nan da ba a furtawa. A da can ana furta ta, kuma har yau tana fitowa fili a bakin 'yan uwanta: twin tagwaye, twice sau biyu, twelve sha biyu, twenty ashirin wato goma biyu, between tsakanin abu biyu, twig ƙaramin reshe inda icce ya rabu, twine igiyar da aka haɗa da sili biyu. Twist a cikin wannan dangi take.

A tsohon Turanci, wanda aka yi magana da shi a Ingila kafin wajen 1100, an fi samunta a manne da wata kalma. Akwai wadda ke nufin igiyar da ke riƙe dogon itacen tsakiyar jirgin ruwa, wanda ake rataya wa ƙyallen da iska ke turawa. Daga baya aka riƙa kiran abin da ya rabu biyu da ita, kamar mararrabar reshe, sannan ta zama aikin haɗa zare biyu a mayar da su guda. To kin san zare biyu ba sa zama tare sai an murɗa su. Nan ma'anar murɗawa ta shigo, ta yi ƙarfi har ta danne ta farko. Saboda haka in kalmar Hausa da ta fi kusa da tushenta ake nema, ni tufka zan ce.

ƊanFagge:
Allah gafarta Malam, ai ka zagaya ka dawo kan maganata. Tufka ba murɗawa ba ce?

Baba_Ilu_Gumel:
Yaro, ba ɗaya ba ne. Da gani ba ka taɓa tufka igiyar guga ba. In ka ɗauki sili ɗaya na rama ka yi ta murɗa shi, kana saki zai warware ya koma yadda yake. Mai tufka sili biyu yake kamawa, ya murza kowanne a cinya ya nufi gefe guda, sannan ya bar su su naɗe juna su nufi ɗaya gefen. Wannan yana son warwarewa, wancan ma yana son warwarewa, sai kowanne ya riƙe ɗan uwansa. Shi ya sa igiya ke zama igiya. Murɗawa tana cikin tufka, amma ba kowace murɗawa ce tufka ba. Kaza ma ana murɗe mata wuya, ba wanda ya ce an tufka ta.

Zee_Kaduna:
Baba ya gama da kai ƊanFagge, sai ka nemi wurin zama.

Injiniya_Sale:
Abin da Baba ya faɗa shi ne ainihin abin da ake koyarwa a fannin masaƙa, sunan ne kawai ya bambanta. Mu muna cewa S twist da Z twist. Ka miƙe zare tsaye ka duba yadda gashinsa ya kwanta: in ya karkata irin layin tsakiyar harafin Z, to Z ne, in irin na tsakiyar S ne, to S ne. Yawancin zaren inji guda-guda Z ake yin sa, in za a haɗa biyu ko uku sai a juya su S, don kada ya kanannaɗe a kan injin saƙa ko keken ɗinki. Yawan murɗin ma ana ƙirga shi, sau nawa a kowane inci. In ya yi kaɗan zare ya tsinke, in ya yi yawa ya yi tauri yana cukurkuɗewa.

Hajiya_Binta_Kofa:
Mu dai da muka taso mun ga kakanninmu da mazari da alli, ba su san Z ba ba su san S ba, amma ko a duhu suka taɓa zare za su gaya maka abawa ce ko zaren saƙar farin ƙyalle. Kuma ku lura, Hausa ta raba aikin: na mazari kaɗi ne, na igiya tufka, na gashi kitso, na wanki matsewa. Shi Bature da kalmarsa guda yake ta fama?

Malam_Tukur_Zariya:
Hajiya, shi ma ya raba. Kaɗi spin yake cewa, matse wanki wring, kitso plait ko braid. Abin da ya faru shi ne twist ta fi su yawo, ta shiga wuraren da sauran ba su shiga ba.

Aminu_Jamus:
Bari in ƙara kan bayanin Malam daga nan inda nake karatu. A Jamusanci biyu zwei ne, tagwai Zwilling, zaren da aka haɗa biyu Zwirn. Sannan akwai Zwist, wadda ita ce 'yar uwar twist ta jini, amma ma'anarta saɓani ko rigima. Maƙwabtansu na Holan ma suna da twist, rubutu iri ɗaya da na Turanci sak, kuma su ma husuma suke nufi. Kun ga tushe ɗaya, biyu: Baturen Ingila ya kalli abu biyu da aka haɗa, Bajamushe ya kalli mutum biyu da suka rabu. Har kokwanto ma Zweifel suke cewa, daga zwei ɗin nan dai.

Sadiq_Lawan:
To ni wani abu na lura da shi. Twin tagwaye ne, kuma a Hausa muna cewa tawai, 'yan tawai. Tw ɗin nan fa? Ina ganin ko su suka ara a wurinmu ko mu muka ara a wurinsu. Har Tuwita ma da tw ta fara.

Malam_Tukur_Zariya:
@Sadiq_Lawan dacewa ce kawai. Hausa tana cikin harsunan Chadi, reshe na babban gidan da ya haɗa da Larabci da Amharik da harsunan Buzaye. Turanci kuma gidansu daban, shi da Jamusanci da Latin da Farisanci da Indiyanci. In kana son ɗan uwan two na gaskiya, ka tuna ƙirgen finafinan Indiya: ek, do, tin. Wannan do ɗin, da duo na Latin, da deux na Faransanci, su ne danginsa. Namu biyu ne, bai yi kama da su ba ko kaɗan. Twitter kuwa kwaikwayon kukan ƙananan tsuntsaye ce, ba ruwanta da biyu ko murɗawa.

Sadiq_Lawan:
Ni dai ban gamsu ba Malam. Kamar ta yi yawa a ce dacewa ce.

Zee_Kaduna:
Sadiq, in haka ne tuwo ma daga two ya fito, tunda malmala biyu kake ci.

Garba_Ɗanjarida:
An bar Malama da tambayarta ta ƙarshe. A ɗakin labarai abin da muka saba shi ne "ya ɗauki sabon salo". Rikicin masarauta ya ɗauki sabon salo, shari'ar ta ɗauki sabon salo. Duk mai sauraron rediyo ya san wannan. Abin da Bature ke hangowa a nan hanya ce mai kwana: kana tafiya kana zaton miƙe take, sai ta karya. Shi ya sa suke haɗa twists and turns in suna maganar titi mai lanƙwashe-lanƙwashe ko al'amarin da ya ƙi miƙewa. Ba wai wani ne ya kama labarin ya murɗe ba, labarin ne da kansa ya karya kwana. Wanda ya fassara "new twist" da "sabuwar murɗiya" ya sa wa jaridarsa ƙafa a kotu, don murɗiya a Hausa zargi ce, tana nufin da hannun wani, kamar murɗiyar zaɓe.

Ummu_Hanan:
Na gode Malam Garba. Amma sabon salo a kunnena ba ta da mamakin nan. Salo ai ko ɗinki yana da shi. Ita kuwa twist kamar akwai ba-zata a cikinta.

Garba_Ɗanjarida:
Gaskiyarki, tana da sanyi. Amma kanun labari yana son kalmar da ba ta ɗauki ɓangare ba. Kuma su kansu jaridun Turancin sun cinye wa kalmar ƙarfi. Lauya ya nemi a ɗaga zama zuwa wata mai zuwa ma sai su rubuta new twist.

Marubuciya_Rahma:
Ga masu rubutun labari irina, plot twist ba sabon salo ba ne. Shi ne inda mai karatu zai ajiye littafi ya ce kai! Wanda ake zargi tun farko ashe shi ne mai gaskiya, ko baran gidan ashe shi ne magajin dukiyar. Muna da maganganu da suka fi dacewa: reshe ya juye da mujiya, labari ya sha bamban, ana wata ga wata. In abin na ban dariya ne a ce wata sabuwa in ji 'yan caca. Matsalar ita ce duk waɗannan jimloli ne, ba suna ba ne. Ba zan iya ce wa ƙawata "littafinki yana buƙatar reshe ya juye da mujiya guda biyu" ba. Ni ba-zata nake cewa in muna hira tsakaninmu, wasu kuma su ce juyin labari. Kuma sharaɗinsa shi ne in ka koma baya ka tarar marubucin ya ajiye alamu tun farko, kai ne ba ka lura ba. In babu alamun, ba gwaninta ba ce, yaudarar mai karatu ce, kuma littattafanmu da yawa a nan suke faɗuwa: sai a babin ƙarshe a jefo wani kawu daga Saudiyya da ba a taɓa ambata ba.

Abba_Gwale:
Reshe ya juye da mujiya ai sai in wanda ke sama ne ya koma ƙasa. Ba kowace ba-zata ce haka ba Anti.

Marubuciya_Rahma:
Shi ya sa na kawo guda huɗu ƙanina, ka zaɓa.

Ticha_Maryam:
Ni abin da ke ba ɗalibaina wahala maganganun da ake ginawa da ita ne. Twist someone's arm ba murɗe hannu na gaske ba ne, matsa wa mutum lamba ne har ya yarda, kuma sau da yawa cikin raha ake faɗa, kamar wanda aka yi wa tayin abinci yana so yana noƙewa. Don't twist my words shi ne kada ka juya mini magana. Twist the knife shi ne a ƙara wa mai ciwo ciwo da gangan, mu mu ce fama masa miki. Twist of fate kuwa juyin ƙaddara ne, yadda al'amari ke zuwa ta inda ba a zata ba. Mutanen Ingila suna da round the twist, wai mutum ya zare. Matasanmu kuma sun ɗauko don't get it twisted daga bakin baƙaƙen Amurka, ma'ana kada ka yi mini gurguwar fahimta.

Oga_Bala_Makanike:
Malama wannan na zarewa ya ba ni dariya. Shi Bature in mutum ya taɓu sai ya ce ya murɗe, mu kuwa cewa muke notin kansa ya kwance. To wa za a bi, a ɗaure ko a sassauta?

Issoufou_Zinder:
Sannunku 'yan uwa na Najeriya. Mu da muka yi boko da Faransanci tordre muka sani, shi ne murɗa. Abin da ya sa na shigo shi ne in mutum ba shi da gaskiya a gardama mukan ce il a tort. Malaminmu ya ce tort ɗin nan daga murɗaɗɗe take, wato abin da bai miƙe ba. Gaskiya kuwa droit ce, miƙaƙƙe, kuma da ita ake kiran fannin shari'a gaba ɗaya. Shin tana da alaƙa da twist ɗinku?

Barista_Nafiu:
Malam Issoufou ka taɓo mini inda ke mini ƙaiƙayi. Ba su da alaƙar jini da twist, amma tort ɗinku tana cikin Turanci, kuma duk ɗalibin shari'a a Najeriya sai ya yi darasin law of torts. Ta shigo Ingila ne da Faransancin Normawa, mutanen arewacin Faransa, bayan sun ci ƙasar a 1066, lokacin da harshen kotu ya koma nasu. Tushenta torquere na Latin, murɗa. A wurinmu tort ita ce cutarwar da mutum ya yi wa wani wadda ake neman diyya a kanta, ba ɗauri ba: sakaci, ɓata suna, shiga gonar wani. Shari'ar da kowa ke haddacewa ita ce ta Donoghue da Stevenson ta 1932, matar da ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a kwalbar lemon citta a garin Paisley na Sikotilan. Daga nan aka kafa cewa mai sarrafa kaya yana da alhakin kula da wanda zai sha ko ya ci, ko da ba shi ya sayar masa hannu da hannu ba.

Torquere ɗin nan ta haifi 'ya'ya da yawa a Turanci: torture azabtarwa, extort tatsar mutum da barazana, distort jirkita abu, retort mayar da martani mai zafi. Har torch, wadda asalinta tsumma ne da aka murɗa aka tsoma a kaki aka kunna. Ke nan tocilar da ke hannunku ma daga can ta biyo.

Malam_Tukur_Zariya:
Madalla da Barista. Ke nan gida biyu muka samu, kuma akwai na uku: kalmomin da ke farawa da wr, waɗanda su ma w ɗinsu ta yi shiru. Wring matsewa, wrench fizga da murɗawa, wrist wuyan hannu inda hannu ke juyawa, writhe mutsu-mutsun mai jin ciwo, wry murguɗaɗɗen baki. Da wrong kanta, wadda asalinta karkatacce ne. Abin lura shi ne Faransanci da Turanci, kowa ta hanyarsa, sun kira rashin gaskiya da karkata. Mu ma ai muna cewa miƙaƙƙiyar hanya, muna cewa murɗaɗɗen mutum ko bauɗaɗɗe.

Abba_Gwale:
Amma Malam murɗaɗɗen mutum a Hausa mai taurin kai ne, wanda ba a gane gabansa da bayansa. Twisted a finafinai kuwa na ga mugu suke nufi, mai jin daɗin cutar da mutane.

Malam_Tukur_Zariya:
Haka ne, nasu ya fi muni. Kada a fassara wannan da wancan.

Oga_Bala_Makanike:
Tunda Barista ya kawo torquere, to torque ɗinmu ne na gareji. Shi ne ƙarfin murɗawa, ana auna shi da newton mita. Akwai sifana ta musamman mai ƙara "ƙas" in ka kai adadin da kamfani ya rubuta. Yaran gareji ba sa so, sun fi son su hau kan sifana da ƙafa su yi tsalle. Ranar da taya ta fashe maka a daji ka kasa kwance noti, ko aka ɗaure kan inji ba daidai ba gasket ya ƙone, ranar za ka san amfaninta.

Khalid_Network:
Mu ma muna da tamu. Wayar intanet da ake ja a ofisoshi sunanta twisted pair. Ka fere bayanta za ka ga wayoyi takwas, an tufka su biyu-biyu, tufka huɗu. Ba ado ba ne. Duk hayaniyar lantarki da ta shigo daga waje tana taɓa wayoyin biyu daidai wa daida saboda suna ta musayar wuri, sai na'ura ta soke ta. Kuma kowace tufka da yawan murɗinta daban, don kada su shiga maganar juna. Alexander Graham Bell ne ya yi rajistar dabarar a 1881 saboda wayar tarho. In mai haɗa maka ya warware tufkar da tsawo wajen sa kai, sai ka ga intanet tana ja da ƙyar, kana zagin kamfani a banza.

Baba_Ilu_Gumel:
To ka ji. Har a wayar Bature sili biyu ne.

Sista_Hauwa_Nas:
Ku ba ni minti ɗaya, wannan ya fi fassara muhimmanci. Twisted ankle targaɗe ne, wannan kowa ya sani. Amma akwai wanda muke kira torsion, inda igiyar da ke kai jini ga ɗan maraina ke murɗewa. Ya fi samun samari 'yan shekara goma sha. Yaro zai tashi da matsanancin ciwo farat ɗaya a gefe guda, wani lokaci da amai. Awa shida na farko su ne zinariya. In aka yi aiki a cikinsu yawanci ana ceto shi, in aka wuce sai ya mutu a cire. Kunya ke sa yara su yi shiru, iyaye kuma su tsaya jiƙe-jiƙe. Haka hanji ma yana murɗewa, ciki ya kumbura, ba bayan gida ba tusa. Wannan ba murɗawar ciki ta cin ɗanyen mangwaro ba ce, asibiti ake nufa a daren.

Ummu_Hanan:
Allah ya saka da alheri Sista, na tura wa zauren gidanmu.

Alhaji_Mamman_Tsoho:
Duk kun yi ta bayani ba wanda ya ambaci rawa. Mu da muka yi samartaka a shekarun 1960 in aka ce tuwis ba igiya muke tunawa ba. Rawa ce ta Amurka. Hank Ballard ne ya fara yin waƙar, amma Chubby Checker ne ya maimaita ta a 1960 ta game duniya, har ta hau matsayi na ɗaya a Amurka sau biyu, a 1960 da kuma farkon 1962. Ba a riƙe juna, kowa shi kaɗai yake murza ƙafa a ƙasa yana juya ƙugu, shi ya sa ta yi saurin yaɗuwa, ba sai an koya maka ba. A Sabon Gari da kulob ɗin ma'aikata ake yi, ɗan cikin gari sai dai ya leƙa a sace. Masu son gani su nemi hotunan da Malick Sidibé ya ɗauka na samarin Bamako a wancan zamani, irin shigar da irin rawar ke nan.

Zee_Kaduna:
Alhaji ashe an sha gari. Za mu gaya wa Hajiya.

Alhaji_Mamman_Tsoho:
'Yata, na ce leƙawa.

Abu_Sumayya:
Jama'a a bar zancen rawa haka nan, ba shi aka tambaya ba.

Ticha_Maryam:
Ai yana cikin ma'anonin kalmar Malam, ƙamus ma ya kawo shi. Akwai kuma wanda 'yan Najeriya suka saba faɗa: a ce wa mutum Oliver Twist, wato ba ya ƙoshi, an ba shi yana neman ƙari. 'Yan siyasa na son faɗa a gaban gwamna: mun gode da titi, amma kamar Oliver Twist muna roƙon asibiti. Daga littafin Charles Dickens ne da aka fara bugawa kashi-kashi a 1837, yaron gidan marayu da ya miƙa kwano ya nemi ƙarin kunu. Sunan kansa ba shi da wata ma'ana ta murɗawa a labarin. Jami'in da ke raɗa wa tsintattun yara suna yana bin haruffa ne bi da bi, da aka zo kan T sai ya faɗa kansa. Kuma yaron yunwa ce ta sa shi, ba haɗama ba, mu ne muka juya abin.

Maman_Iman_Saloon:
Sai yanzu na ga wannan hira. Aunty Ummu, na kitso kam ni zan ba ki amsa. Kalaba da sili uku ake yin ta, ana saƙa su. Tuwis kuwa sili biyu ne kacal, ki murza kowanne sannan ki naɗe su da juna har ƙasa. Ya fi saurin yi kuma ya fi saurin tsefewa, amma bai kai kalaba daɗewa ba, in gashi mai santsi ne ma sai ya warware da kansa in ba a murza da kyau ba. Akwai manya akwai ƙanana, akwai wanda ake kira na Senegal mai sirara. Ban taɓa sanin sunan daga biyu ya fito ba, amma aikin kam biyu ne.

Malam_Tukur_Zariya:
To ƊanFagge, ga mai igiya, ga mai waya, ga mai kitso.

ƊanFagge:
Na ji Malam, amma marfin kwalba guda ɗaya ne, ƙafar da ta yi targaɗe ma ɗaya ce, kuma duk twist ake cewa. Asali daban, abin da ake nufi yau daban. Ka tare Bature a titin Landan ka tambaye shi, ba zai ce maka biyu ba.

Aminu_Jamus:
A nan kam ƊanFagge yana da hujja. Masu harshen ba sa jin biyu a cikinta, sai wanda ya karanta tarihin kalmomi.

Yusuf_Oklahoma:
Ga wadda ba a ambata ba. A nan tsakiyar Amurka twister ita ce tornado. Na ga ana fassara ta da guguwa, kuma ba laifi, amma kada ku ɗauka irin guguwar bazara ce da ke kwashe leda da kara a fili. Wannan daga gajimaren hadari take saukowa, tana ɗaga mota tana rushe gida. Wadda ta faɗa wa garin Moore a watan Mayun 2013 ta kashe mutum 24. Garuruwa da yawa suna da jiniya, in ta yi kuka sai a shige ɗakin ƙarƙashin ƙasa.

Hajiya_Binta_Kofa:
Allah ya tsare ku. Tongue twister fa? Jikata ta zo da shi daga makaranta, na ce ai mu ma muna da shi: turmi ture kura, kura ture turmi. Ta kasa faɗa sau uku a jere.

Ticha_Maryam:
Karya harshe ke nan Hajiya. Kin ga a nan ma mun saɓa, su murɗe harshen, mu mu karya shi.

Garba_Ɗanjarida:
@Marubuciya_Rahma na koma na karanta naki. Ba-zata ba za ta zauna a kanun labarin kotu ba, don wani lokaci kowa ya san abin zai faru. Ina nan kan sabon salo.

Marubuciya_Rahma:
In kowa ya san zai faru ai tun farko ba twist ba ne Malam Garba, abokan aikinka na Turanci ne suka yi ƙarya.

Abba_Gwale:
Ni tambayata ta ƙwallo ce. Masu sharhin gasar Ingila in kulob na shan kashi sai su ce stick or twist, a kori koci ko a bar shi. Me ake murɗawa a nan?

Yusuf_Oklahoma:
Daga wasan karta ne na mutanen Ingila da suke kira pontoon, wanda ake neman maki 21. In ka ce stick ka tsaya da abin da ke hannunka, in ka ce twist a juyo maka wata karta, ko ta gyara ka ko ka zarce 21 ka faɗi. Amurkawa ba sa faɗin haka, su hit suke cewa.

Abba_Gwale:
To mu kulob ɗinmu kullum juyo karta ake yi, kuma kullum sai mun zarce.